Hanyoyi Huɗu na Shiga Binciken Duniyoyin Wasu Taurari: Wace Ce Ta Dace da Kai?

Wanda sha'awar duniyoyin da ke zagaya wasu taurari ta kama shi yakan fara tunanin sayen madubin hangen nesa tun kafin ya san ko madubin ne abin da yake buƙata. Tarihin fannin da kansa yana ƙarfafa wannan tunani. A shekarar 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka sanar da gano 51 Pegasi b, duniya ta farko da aka tabbatar tana zagaya tauraro irin ranarmu, daga wata cibiyar kallon sama da ke kudancin Faransa, kuma wannan aiki ne ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2019. A 1999 kuwa David Charbonneau da Timothy Brown suka ga wata duniya mai suna HD 209458 b tana giftawa ta gaban tauraronta, da madubin da faɗin bakinsa bai wuce santimita 10 ba. Zuwa watan Satumba na 2025 adadin duniyoyin da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tabbatar ya kai 6,000, kuma aikin bin diddiginsu ya fi ƙarfin ƙwararrun da ake da su, shi ya sa aka buɗe ƙofa ga masu sa kai.

Hanyoyin shiga guda huɗu ne: duba zanen hasken taurari da ido a shafin intanet, sauke bayanan madubin sararin samaniya a sarrafa su da kwamfuta, amfani da madubin da ake sarrafawa daga nesa, ko mallakar madubi na kai. Kowace tana da abin da take nema daga mutum da abin da take mayar masa.

Abin da ake aunawa

Dukkan hanyoyin nan sun dogara ne a kan abu guda, wato raguwar hasken tauraro a lokacin da duniyarsa ta gifta tsakaninsa da mai kallo. Kusan kashi uku cikin huɗu na duniyoyin da aka sani ta haka aka gano su. Idan duniya mai girman Jufita, wadda ta fi girma cikin duniyoyin da ke zagaya ranarmu, ta gifta ta gaban tauraro irin rana, hasken yakan ragu da kimanin kashi 1 cikin 100, amma mai girman Duniyarmu ba ta rage abin da ya wuce kashi 1 cikin 12,000. Ta farkon ƙaramin madubi na iya kama ta daga doron ƙasa, ta biyun kuwa sai an fita daga iskar da ke kewaye da mu. Akwai wata hanyar ta daban, wadda Mayor da Queloz suka bi, ta auna yadda nauyin duniya ke sa tauraronta rangaji. Jufita na motsa rana da gudun mita 12.5 a daƙiƙa, Duniyarmu kuwa santimita 9 kacal, kuma na'urorin da ke iya auna irin wannan motsi na manyan cibiyoyi ne, saboda haka ba ta cikin abin da mutum ɗaya zai zaɓa.

Ma'aunan da za a bi

Na farko kuɗi, da na farawa da na ci gaba. Na biyu sauƙi, wato tsawon lokacin da mutum zai ɗauka kafin ya fitar da sakamakon da za a iya dogara da shi. Na uku ɗorewa, kuma a nan abu biyu ake dubawa: ko kayan aikin za su daɗe, da ko abin da aka koya zai ci gaba da amfani idan shirin da aka shiga ya tsaya. Na huɗu haɗari, wanda a wannan fanni ya ƙunshi asarar kuɗi, asarar darare, da kuma ɗaukar alamar ƙarya a matsayin duniya. Na biyar, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne irin gudummawar da aikin zai bayar ga ilimi, domin mutane da yawa suna shiga da fatan gano sabuwar duniya, alhali abin da masana suka fi buƙata daga gare su wani abu ne daban.

Hanya ta farko: duba zanen haske da ido

An ƙaddamar da shirin Planet Hunters a watan Disamba na 2010 a dandalin Zooniverse domin jama'a su duba bayanan madubin Kepler, wanda aka harba a 2009 ya kafa ido a kan taurari kusan 150,000 na tsawon shekara huɗu. A Disamba na 2018 aka buɗe Planet Hunters TESS, mai amfani da bayanan madubin TESS da aka harba a Afrilun wannan shekarar. Aikin ba shi da sarƙaƙiya: za a nuna wa mutum zanen hawa da saukar hasken wani tauraro na tsawon kwana 27 ko kusa da haka, ya sa alama a duk inda ya ga hasken ya faɗi na ɗan lokaci ya dawo.

Ba a biyan komai, kuma ana iya farawa cikin minti kaɗan. Dalilin da ya sa har yanzu ake buƙatar idon ɗan'adam shi ne manhajojin bincike sun fi ƙwarewa a kan giftawar da ke maimaita kanta, sukan tsallake wadda ta faru sau ɗaya tak, kuma irin wannan ita ce alamar duniyar da ke nesa da tauraronta, mai ɗaukar watanni kafin ta kammala zagaye. Masu sa kai ne suka gano PH1 a 2012, duniyar da ke zagaya taurari biyu a cikin rukunin taurari huɗu. Su ne kuma suka jawo hankali ga tauraron KIC 8462852, wanda haskensa ya taɓa faɗuwa da fiye da kashi 20 cikin 100, binciken da Tabetha Boyajian ta jagoranta a 2015, daga baya shaidu suka karkata ga cewa ƙura ce ke tare hasken. A bayanan TESS ma sun gano TOI-813 b, mai zagaye na kwana 84.

Haɗarin kuskure kaɗan ne, tun da mutane da dama ne ke duba kowane zane kafin masana su ɗauke shi. Raunin hanyar yana wajen ɗorewa. Mafi yawan zanukan babu komai a cikinsu, kuma wanda ya shiga da zumuɗi yakan gaji cikin makonni. Ban da haka, ido yana gogewa amma mutum ba ya koyon yadda aka samar da zanen, ko yadda ake fitar da girman duniya daga cikinsa.

Hanya ta biyu: sarrafa bayanai da kanka

Bayanan Kepler da na TESS a buɗe suke ga kowa a rumbun MAST da ke birnin Baltimore na Amurka, kuma bayanan duniyoyin da aka tabbatar suna rumbun NASA da ke ƙarƙashin jami'ar Caltech. Da manhajar Lightkurve, wadda aka rubuta da harshen kwamfuta na Python kuma kyauta ce, mutum zai sauke hasken tauraron da ya zaɓa, ya share gurɓatar da na'ura ta haifar, ya nemi tsawon zagaye, sannan ya ɗora giftawa a kan giftawa har siffarta ta fito fili. Kwamfuta madaidaiciya da intanet sun isa.

Wannan ita ce hanya mafi wuyar farawa ga wanda bai taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba, kuma ita ce mafi ɗorewa a cikin huɗun. Kepler ya daina aiki a Oktoba na 2018 da mansa ya ƙare, amma har yau ana tono sababbin abubuwa daga bayanansa, kuma ƙwarewar lissafi da ta Python ba ta lalacewa idan wani shiri ya rufe.

Babban haɗarinta shi ne ruɗin kai, domin babu wanda ke duba aikin mutum. Kamarorin TESS suna ɗaukar sama mai faɗi sosai, har ɗigo guda na hotonsu yakan haɗa hasken taurari fiye da ɗaya. Idan akwai wasu taurari biyu a bayan wanda ake dubawa, suna zagaya juna suna kare wa juna haske, raguwarsu za ta gauraya da hasken na gaba ta yi kama da giftawar duniya sak. Tabon da ke jikin tauraro ma yana iya yin haka. Saboda haka wanda ya zaɓi wannan hanya ya fara da duniyoyin da aka riga aka auna, ya gwada ko zai sami alƙaluman da masana suka samu, kafin ya yi zancen sabuwa.

Hanya ta uku: madubin da ake sarrafawa daga nesa

A nan akwai na kyauta akwai na haya. Cibiyar nazarin taurari ta Harvard da Smithsonian tana da ƙananan madubai masu sarrafa kansu a jihar Arizona, masu faɗin baki santimita 15, da ake kira MicroObservatory. Shirin Exoplanet Watch na NASA yana ba mai sa kai hotunan dare guda da waɗannan madubai suka ɗauka, ya sarrafa su da manhajar EXOTIC, ya fitar da zanen giftawa, sannan ya shigar da sakamakon a rumbun ƙungiyar AAVSO, wadda tun 1911 take tattara ma'aunin hasken taurari daga masu sha'awa. Na haya kuwa kamfanoni ne da suka kafa madubai a wurare masu sama garau a ƙasashe irin su Cile da Sifaniya da Ostireliya, ana biyansu gwargwadon lokacin da aka ɗauka.

Na kyautar, a ganina, shi ne makarantar da ta fi kowace kyau a wannan fanni, domin mutum yana cin karo da hotuna na gaskiya, masu gajimare da karkacewa, ba tare da ya kashe kuɗi ba. Iyakarsa ita ce ba kai ke zaɓar tauraro da dare yadda kake so ba. Na hayar yana ba da wannan 'yanci, amma giftawa guda tana cin awa huɗu zuwa biyar, saboda haka kuɗin yana taruwa da sauri, kuma idan an daina biya babu abin da ya rage a hannu sai hotunan.

Hanya ta huɗu: madubi na kai

Wannan ita ce hanyar da zuciya ta fi so, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Abin da ake buƙata shi ne madubi mai faɗin baki daga santimita 15 zuwa 20 ko fiye, kamarar ɗaukar taurari, kwamfuta, da gindi mai inji da ke bin juyawar sama. Mutane sukan zuba kuɗinsu a madubi su tsuke hannu a gindi, kuma wannan kuskure ne babba. Ma'aunin da ake nema yana buƙatar tauraron ya zauna a wuri guda a kan kamara na tsawon awanni, kuma ƙaramin madubi a kan gindi mai kyau ya fi babban madubi a kan gindi mai rawa nesa ba kusa ba.

Dare guda na aiki yana tafiya ne kamar haka. A duba jadawalin da ke nuna lokacin giftawa, a fara ɗaukar hoto awa guda kafin ta fara, a ci gaba har awa guda bayan ta ƙare, domin ba a sanin zurfin raguwa sai an san yadda hasken yake kafin ta da bayanta. Ana kwatanta hasken tauraron da na maƙwabtansa da ke cikin hoto ɗaya, ta yadda idan iska ta dusashe su duka za a gane ba duniya ce ta yi ba. Ana kuma ɗaukar hotunan gyara na musamman don cire zafin kamara da ƙurar da ke kan gilashi. Agogon kwamfuta dole ya zama daidai, sannan a gyara lokacin gwargwadon inda Duniyarmu take a zagayenta, domin hasken tauraro na iya riga ko jinkirta isowa da kimanin minti 8 saboda wannan kaɗai. Manhajoji irin su AstroImageJ da HOPS da EXOTIC suna ɗauke nauyin lissafin, amma ba sa gyara hoton da aka ɗauka ba daidai ba. Masu farawa sukan gwada HD 189733 b, mai nisan tafiyar haske ta shekara 64 ko kusa da haka, domin tauraronta yana da haske, raguwar ta haura kashi 2 cikin 100, kuma tana dawowa duk bayan kwana 2.2.

Hasken fitilun gari ba ya hana wannan aiki kamar yadda yake hana ɗaukar hoton abubuwa masu dusashewa, tun da taurarin da ake bi masu haske ne. Abin da ke kashe shi shi ne gajimare da hazo da ƙura. Ana buƙatar abubuwa uku su haɗu a dare guda: giftawar ta faɗo cikin duhu tun daga farkonta har ƙarshenta, tauraron ya kasance ya ɗaga sosai daga gefen sama, kuma sama ta zauna garau na awa biyar a jere. Wanda yake zaune inda irin wannan dare ke wuya zai sami kayansa a ajiye mafi yawan shekara. Wannan ne haɗarin da ya fi girma, kuma ana iya auna shi kafin a sayi komai, ta hanyar lura da sama a rubuta adadin dararen da suka cika sharaɗin cikin 'yan watanni.

Gudummawar da ake bayarwa a nan ba gano sabuwar duniya ba ce, sai nadiran. Aikin shi ne sabunta lokacin giftawar duniyoyin da aka sani, kuma muhimmancinsa ya wuce yadda ake zato. A ɗauka an yi kuskuren daƙiƙa 10 a tsawon zagayen wata duniya mai zagaya tauraronta duk kwana 3. Cikin shekara guda kuskuren zai taru ya kai minti 20, cikin shekara biyar ya haura awa ɗaya da rabi. Madubin James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, kuma ya gano iskar kabon dayoksaid a sararin WASP-39 b a 2022, lokacinsa yana da tsada ƙwarai, ba a iya barinsa yana jiran giftawar da ba a san sa'arta ba. Saboda haka ne aka kafa shirin ExoClock a 2019 domin share fage ga madubin Ariel na hukumar sararin samaniya ta Turai, wanda aka tsara zai nazarci iskar duniyoyi kusan 1,000. Takardar da shirin ya fitar a 2023 ta sabunta lokutan duniyoyi 450, kuma sunayen masu sa kai suna cikin jerin marubutanta. Irin wannan bibiya ta shekara da shekaru ce ta nuna cewa zagayen WASP-12 b yana gajarta da kimanin kashi 29 cikin 1,000 na daƙiƙa kowace shekara, wato tana gangarawa a hankali zuwa cikin tauraronta.

Akwai kuma madubai na zamani da suka haɗa komai a jiki guda ana sarrafa su da wayar hannu, kamar eVscope na kamfanin Unistellar na Faransa, mai faɗin baki santimita 11.4, wanda masu shi ke aika ma'auninsu ga cibiyar SETI ta Amurka mai neman alamun rayuwa a wajen Duniyarmu. Sauƙinsu ba ya misaltuwa, amma ba a sauya musu kamara ko madubi, kuma amfaninsu ya rataya a kan kamfanin ya ci gaba da kula da manhajarsa. Madubi na gargajiya da gindi mai inganci suna iya yin shekaru masu yawa idan an kare su daga danshi, kamara ce kawai ke tsufa da wuri.

Kwatanci a taƙaice

| Hanya | Kuɗi | Sauƙin farawa | Ɗorewa | Babban haɗari | Gudummawa |
|---|---|---|---|---|---|
| Duba zane da ido | Babu | Nan take | Ya dogara da ci gaban shirin | Gajiya | Nuna giftawar da manhaja ta tsallake |
| Sarrafa bayanai | Babu, in akwai kwamfuta | Watanni na koyo | Mafi ɗorewa | Alamar ƙarya | Bincike mai zurfi |
| Madubin nesa na kyauta | Babu | Kwanaki | Ƙwarewar tana zama | Rashin zaɓin tauraro | Sabunta lokutan giftawa |
| Madubin nesa na haya | Biya a kan kowane lokaci | Matsakaici | Babu kayan da ya rage | Taruwar kuɗi | Sabunta lokutan giftawa |
| Madubi na kai | Mai yawa tun farko | Mai wuya | Shekaru masu yawa | Rashin dare garau | Bibiya ta dogon lokaci |
| Madubin zamani mai waya | Mai yawa tun farko | Mai sauƙi | Ya dogara da kamfani | Rashin damar faɗaɗawa | Shiga kallon haɗin gwiwa |

Wace ce ta wane

Wanda lokacinsa a gutsure yake, minti goma yau rabin awa gobe, ya nufi Planet Hunters TESS, kuma abin mamaki shi ne ya fi mai madubi a bayan gida damar sa hannu a gano sabuwar duniya. Ɗalibin da ke son ya mayar da wannan fanni sana'arsa ya rungumi Python da Lightkurve ko da zai sha wuya a farko, domin mafi yawan aikin masana a yau a gaban kwamfuta ake yin sa, kuma wannan ƙwarewa ce za a tambaye shi. Malamin da ke neman abin da zai yi da ɗalibansa zai fi samun biyan buƙata a hotunan MicroObservatory, tun da ana iya kammala aikin da rana a cikin aji.

Mai niyyar sayen madubi kuwa, shawarata ita ce ya dakata har sai ya sarrafa darare da dama na hotunan aro ya ga ko aikin, da jiransa da maimaicinsa, ya kwanta masa a rai, ya kuma ƙirga dararensa garau. Idan dararen sun yi ƙaranci, haya ta fi masa saye, ya riƙa biyan giftawar da ya zaɓa kaɗai. Idan suna da yawa kuma yana jin daɗin haɗa kaya da gyara su, ya sayi gindi mafi kyau da zai iya, ya ɗora masa madubi matsakaici, ya yi rajista da ExoClock ko Exoplanet Watch tun daren farko domin ma'auninsa ya isa hannun masu amfani da shi. Wanda samarsa take garau amma ba shi da haƙurin haɗa kaya da saiti, madubin zamani mai waya zai ishe shi, muddin ya san cewa duniyoyi masu zurfin giftawa a taurari masu haske su ne iyakarsa.